Maɓallin Waya Ya Ƙi Jin Yatsa: Laifin Hannu Ne, Ko Na Maƙeri?

Duk wanda ya yi ciniki a kasuwar Kafanchan ko ta Kachia cikin watannin Janairu da Fabrairu na 2023, sa'ad da takardun Naira suka yi wuyar gani saboda canjin kuɗi, ya ga wani abin da bai saba gani ba. Ciniki ya faɗa, an yi sallama, an auna citta an ɗinke buhu, amma mai saye da mai sayarwa sun sunkuya bisa waya ɗaya, ana ta danna wurin da a ke aika kuɗi, wurin kuwa ya yi kunnen uwar shegu. A danna a hankali, shiru. A danna da ƙarfi, shiru. A goge yatsa a jikin riga, a miƙa wa yaro ko nasa hannun zai yi sa'a. Can sai saƙo ya shigo cewa kuɗi sun fita, wani lokaci ma sun fita har sau biyu.

In haka ta faru, mutum biyu a kan ɗora wa laifi. Na fari shi ne sabis, wanda ya zama bangon jingina ga kowace irin matsala. Na biyu shi ne mai wayar, a ce bai iya ba, ko kuwa a yi masa ba'a cewa hannunsa na garma ne. Gaskiya ne sabis kan yi rauni, hannu ma kan yi kuskure. Amma akwai na uku wanda ba a cika ambatarsa ba, watau wanda ya ƙera maɓallin, alhali kuwa sau da yawa a wurinsa ɓarakar ta ke.

Abin da a ke kira maɓalli a fuskar waya ba maɓalli ba ne irin na rediyo ko na tsofaffin wayoyin da suka shigo Nijeriya da zuwan GSM a 2001, waɗanda mutum kan ji sun nutse a ƙarƙashin yatsarsa. Zane ne kurum, hoto ne a bayan gilashi. Masu tsarin Android da na iPhone sun tanadi maɓallan da suka riga suka horu, waɗanda duk mai rubuta manhaja zai iya ɗauka ya dasa. To, amma kamfanoni ba su son kayan haya. Kowa yana son nasa fasalin, da launin tambarinsa, da motsin da zai burge ido, sai su sa a ƙera musu na kansu. Wanda ya zaɓi wannan hanya kuwa ya ɗauki nauyin koya wa maɓallinsa duk abin da na asalin ya sani, kuma abubuwan suna da yawa fiye da yadda sabon hannu ya ke zato.

GILASHI BA YA JIN NAUYI

Kafin a kai ga maɓalli sai an bi ta gilashi. A ƙarƙashin fuskar waya akwai wasu siraran layuka masu ɗaukar lantarki, an shimfiɗa su a tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, ido ba ya ganinsu. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, saboda haka in yatsa ta kusanci mahaɗar layuka biyu sai ta ɗan sauya yawan lantarkin da ke wurin. Wata ƙaramar na'ura tana zagaya layukan nan sau sittin ko fiye a cikin kowace daƙiƙa, tana duba inda aka sami sauyi. Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya mai suna E. A. Johnson ne ya bayyana ta a 1965 a Malvern ta ƙasar Ingila, domin masu lura da zirga-zirgar jiragen sama, amma ba ta shiga aljihun kowa ba sai bayan fitowar iPhone a 2007.

Ma'anar wannan ita ce gilashin ba ya jin nauyin hannu, lantarkin fata ya ke ji. Fatar da ta bushe ta yi kanta ba ta ɗaukar lantarki sosai. Manomin da ya shekara talatin yana haƙar citta a Kwoi ko Kagarko, ya kuma shigo kasuwa cikin tsakiyar hunturu fata ta bushe ƙamas, yatsarsa kan zama kamar wadda aka sa wa safa. In ya danna da ƙarfi ta ɗan yi aiki, ba ƙarfin ne ya yi ba, tsokar yatsar ce ta baje ta rufe wuri mai faɗi. Da damina kuma, wadda a wannan yanki ta kan yi tsawo ta yi ƙarfi, sai a sami akasin haka: ɗigon ruwa ko gumi a kan gilashi shi ma yana ɗaukar lantarki, waya ta ɗauka yatsa ce. Haka nan caja maras kyau, musamman in an jona ta a janareta, ta kan cusa hayaniyar lantarki cikin layukan nan, a ga waya tana danna kanta kamar mai iskoki. Ga kuma gilashin kariya mai kauri, ga tsaguwar da aka haƙura da ita wata shida.

Wannan duka ba sabon darasi ba ne ga mutanen Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, wadda John Dada da abokan aikinsa suka kafa a 1996, ta fara ne da ba mata ƙananan rance, sa'an nan ta buɗe wurin koyon kwamfuta a unguwar Bayan Loco, aikin da ya jawo mata lambar yabo ta Hafkin a 2001. Abin da suka gano tun da wuri shi ne kwamfutocin da aka ƙera domin ofisoshin Turai masu sanyi ba su daɗewa a can: zafi, da ƙura, da wutar lantarki maras tabbas su ne ajalinsu. Wannan ne ya sa suka haɗa kai da wani kamfani na Ingila wajen gwajin wata kwamfuta mai suna Solo, wadda ba ta da fanka, ba ta kuma cin wuta fiye da abin da hasken rana zai iya bayarwa. Daga baya suka kafa ZittNet domin kai intanet karkara ba tare da igiya ba. Tambayar da suka yi game da akwatin kwamfuta, cewa domin wace ƙasa da wane yanayi aka ƙera shi, ita ce ya kamata a yi game da maɓallin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Girman ma magana ne. Google ta shawarci masu rubuta manhaja kada wurin taɓawa ya gaza awo 48 a tsaye da kwance bisa ma'auninta da a ke kira dp, watau tsakanin milimita 7 zuwa 10, a kuma bar tazarar awo 8 tsakanin maɓalli da ɗan'uwansa. Apple ta ce awo 44 a nata ma'aunin. Mai zane da ke zaune gaban babbar kwamfuta yana nuni da tsinin kibiya ba ya jin zafin wannan doka, sai ya matse wurin tabbatarwa kusa da wurin sokewa domin shafi ya yi kyau. Ba dole ne kuwa zanen ya zama ƙato ba. Akwai hanyar faɗaɗa wurin da ke jin taɓawa ya zarce iyakar zanen, ta yadda ko yatsa ta sauka a gefe za a karɓa.

MAHAƊAR LAYIN DOGO

Inda aikin ya fi rikitarwa shi ne bayan gilashi ya ji yatsa. Mutumin Kafanchan zai fi kowa saurin gane shi, domin garin da kansa mahaɗa ce. Tun wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurɗi ya ke rabuwa a nan, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Jirgi ɗaya ne ya ke shigowa, amma ba ya bin layi biyu. Dole wani ya juya makullin ƙarfe, kuma da zarar kan jirgi ya shiga layi, sauran taragai nan za su bi.

Haka taɓawa ta ke. Abin da mutum ya ɗauka dannawa ɗaya, a wurin waya jerin labarai ne: yatsa ta sauka, yatsa ta motsa, ta sake motsawa, yatsa ta tashi. Fuskar manhaja kuma akwatuna ne cikin akwatuna. Maɓalli yana cikin kati, kati yana cikin jerin da a ke ja sama da ƙasa, jerin yana cikin shafi. Labarin saukar yatsa yana shigowa ta babban akwati, ya gangara har ya kai ƙarami, ana tambayar kowa ko nasa ne. A tsarin Android, in maɓalli bai amsa cewa nasa ne tun a labarin farko ba, ba za a ƙara kawo masa sauran ba. To, sabon maƙeri kan rubuta abin da maɓalli zai yi in yatsa ta tashi, ya manta bai karɓi saukarta ba, sai ya kwana yana neman dalilin da ya sa maɓallinsa ya kurumce. Ya bar kan jirgi ya wuce Jos, yana tsaye a layin Kaduna yana jiran taragai.

Sai kuma rigimar maɓalli da jerin da ya ke ciki. Sa'ad da yatsa ta sauka, waya ba ta san nufin mai ita ba, ko dannawa zai yi ko jan shafi. Abin da ta ke yi shi ne ta ɗan jira. In yatsa ta gusa fiye da wani ɗan taƙi, wanda a Android bisa al'ada awo 8 ne, watau milimita ɗaya da ɗan ɗoriya, sai babban akwati ya ƙwace ragamar, ya aika wa maɓalli labari na huɗu cewa an soke. Milimita ɗaya ba wani abu ba ne ga wanda ke zaune kan kujera. Amma ga wanda ke bayan babur a kan hanya mai gargada, ko tsohuwar da hannunta ke rawa, ko mai riƙe da goyo, dannawa da yawa kan koma jan shafi ba da nufinsu ba. Maƙerin da ya rubuta nasa ma'aunin da ka, bai tambayi waya nata ba, ya kan ƙara matse wannan taƙi, musamman in ya ƙirga da ɗigon allo, domin yawan ɗigo a cikin milimita ɗaya ya bambanta daga waya zuwa waya. Wanda kuma ya manta da labarin sokewa, maɓallinsa kan maƙale cikin launin wanda aka danne, mai waya ya zauna yana jiran aikin da ba a fara ba.

Akwai wata matsalar da ta fi cin dattawa. Wanda ya saba da wayar da a ke dannawa ta nutse ya kan aza yatsa ya bar ta, yana jiran ya ji wani abu. In yatsa ta daɗe wajen rabin daƙiƙa, waya ta kan ɗauka doguwar dannawa ce, wadda aiki ne daban. In maƙeri ya rataya wani aiki a kan doguwar dannawa, to, ta asalin ba za ta tashi ba sam. Ana iya tsawaita wannan lokaci a sashen saitin waya na masu buƙata ta musamman, kuma ɗa ko jikan da ya yi wa tsohonsa haka ya rage masa ɓacin rai mai yawa. Sai dai maɓallin da aka ƙera da agogonsa na kansa ba ya bin wannan saiti.

Sauran laifuffukan na ɓoye ne. Wani lokaci akwai wani akwati garai-garai da aka shimfiɗa bisa shafi, misali wanda ke nuna alamar jira, an ɓoye zanensa amma ba a ɗauke shi ba, sai ya riƙa haɗiye kowace taɓawa. Wani lokaci maɓalli ya leƙo waje da akwatin da ya ke ciki: ido yana ganinsa duka, amma rabin da ya fita ba ya ji. Tsohuwar hanyar motsa zane ta Android ta kan kai hoton maɓalli wani wuri ta bar jinsa a inda ya ke da fari, sai a 2011 aka kawo hanyar da ke tafiya da su tare. Daga 2019 kuma, da Android 10 ta mai da shafar gefen allo alamar komawa baya, duk abin da aka dasa a bakin allo ya shiga takara da ita wayar kanta.

KUƊI SAU BIYU

Mafi tsada cikin waɗannan duka shi ne maɓallin da ya ji amma bai nuna ya ji ba. Ɗan Adam yana sa ran amsa cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. In bai ga launi ya sauya ba, bai ji ɗan girgiza ba, zai sake dannawa, kuma ba wauta ya yi ba, haka kowa ke yi wa ƙofar da aka ƙwanƙwasa aka ji shiru. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, irin su itel da Tecno da Infinix na ƙananan kuɗi, ba su da ƙarfin wayar da maƙeri ya yi gwaji da ita. In manhaja ta ɗora aiki mai nauyi a kan layin da ke kula da allo, allon kan daskare, taɓawa su yi jerin gwano suna jira, da ya farfaɗo sai a zartar da su ɗaya bayan ɗaya. Android ba ta fito da gargaɗin cewa manhaja ta daina amsawa sai an yi daƙiƙa 5, wanda ya isa mutum ya danna sau shida.

A wasan yara wannan ba kome ba ne. A cinikin citta kuwa, musamman bayan cutar da ta cinye gonaki a 2023 ta sa farashi ya yi tashin gwauron zabo, dannawa ɗaya ta wuce kima na iya kwashe jarin mutum zuwa asusun baƙon da zai hau mota ya tafi. Mai POS da ya biya sau biyu daga aljihunsa zai cike giɓin kafin a gama bincike. Maganin kuwa sananne ne, ba ya kuma da tsada. Maɓalli ya sauya kama nan take, ya kulle kansa har amsa ta dawo. Kowace buƙatar biya ta tafi da lambarta ta musamman, ta yadda in lamba ɗaya ta iso sau biyu, kwamfutar da ke karɓa za ta yi watsi da ta biyun. Kada kuma aiki ya tashi da saukar yatsa, sai da tashinta, domin wanda ya ankara ya taɓa wurin da bai nufa ba ya iya zame yatsarsa gefe ya tsira. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta sa wannan cikin ƙa'idojinta tun 2018. Kamfanin da ke riƙe kuɗin jama'a bai yi waɗannan uku ba, ba shi da bakin cewa sabis ne.

RABA GARDAMA

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ana iya gano inda ya tsamo ba tare da an buɗe waya ba. Da fari a cire caja, a goge gilashi, a ɗan jiƙa yatsa da mai in hunturu ne, a gwada wata manhajar. In matsalar ta bi ko'ina, ta gilashi ce. Domin a tabbatar, akwai wani sashe ɓoyayye a kowace wayar Android wanda a ke buɗewa ta hanyar taɓa lambar ginin tsarin sau 7 a shafin bayanin waya. A cikinsa akwai saitin da ke sa waya ta zana layi duk inda yatsa ta bi. A ja yatsa daga sama har ƙasa, daga gefe zuwa gefe. In layin ya katse a wuri ɗaya kullum, wannan yanki na gilashin ya mutu, sai a nufi mai gyara. In kuwa layin ya fito sarai a kan maɓallin amma bai motsa ba, to, hannu ya kuɓuta, gilashi ya kuɓuta, saura maƙeri.

A wannan sashe dai akwai wani saitin da ke fito da iyakar kowane akwati a fili, kamar an tuɓe wa gini filasta. Nan mai rubuta manhaja zai ga akwatin da ya rufe wani, da maɓallin da ya leƙo waje, da wanda zanensa babba ne amma jinsa ƙarami. In wannan bai nuna kome ba, sai ya sa manhajar ta riƙa rubuta kowane labari da ya iso ga kowane akwati. In an ga sauka ba a ga tashi ba, maɓallin bai karɓa ba. In an ga sauka sa'an nan sokewa, babban akwati ne ya ƙwace. In an ga sauka da tashi duka amma aiki bai gudana ba, matsalar ba ta taɓawa ba ce, tana can gaba.

Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba sai an gama gini. Makaho yana aiki da wayar Android ta hanyar TalkBack, wadda ke karanta masa abin da yatsarsa ta hau, in ya taɓa sau biyu ta danna masa. Amma ba ta bin hanyar labaran nan huɗu, kai tsaye ta ke kiran aikin dannawa na maɓalli. Maɓallin da aka ƙera yana sauraron yatsa kaɗai, ba a haɗa shi da wannan kira ba, ba a kuma raɗa masa suna ba, a wurin makaho babu shi. Sai ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, abin da mai ido ba zai yarda ya yi ba. Nijeriya ta sami dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Janairun 2019, gyaran wannan matsala kuwa bai wuce layi biyu ko uku na rubutu ba.

Matasan da ke koyon wannan sana'a a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, ko da kansu ko ta shirin horar da mutum miliyan uku da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, suna da wata dama da takwarorinsu na Legas da Landan ba su da ita: wurin gwaji yana ƙofar gidansu. Maƙerin garma ba ya sa ƙota sai ya san hannun da zai riƙe ta. Gwajin da ya dace shi ne a ɗauki waya mafi arha da za a samu, mai tsagaggen gilashi, a ƙara girman rubutunta har ƙarshe kamar yadda dattawa ke yi, a fita da ita rana tsaka inda haske ke dusashe launi. A ba mai awon citta, a ba mai tuyar ƙosai da hannunta ke da maiƙo, a ba ɗan acaɓa, kada a gaya musu inda za su taɓa. In rubutun Hausa ne, wanda shi ne harshen ciniki tsakanin masu jin Tyap da Jju da Hyam da Fulatanci a kasuwannin yankin, a duba ko tsawon kalma bai tura maɓalli ƙarƙashin allon rubutu ba. A yi gwajin sau ɗaya a Janairu cikin hunturu, a maimaita shi a Agusta ana ruwa.